An Ƙirga Kawuna, An Manta Da Tukunya

Yau lissafi za mu yi, amma kada jin kalmar lissafi ya sa mai karatu ya juya shafi, gama lissafin na gidajenmu ne, da na tukunyar da ake ɗora wa yara da maraice.

Duk wanda ya yi wayo kafin shekara ta 2006 ba zai manta da watan Maris na wannan shekara ba. Gwamnati ta ce kowa ya zauna a gida, malaman ƙidaya suka bi gida gida da jakunkunansu, wanda aka ƙirga a shafa masa tawada a yatsa. Amma tun kafin ranar ta zo, abin kallo yana tashar mota. Na ga magidanta waɗanda suka shekara ashirin a birni, a nan suke sana'a, a nan 'ya'yansu suke karatu, a nan matansu suke zuwa awo, sun kwashi iyali kaf sun nufi ƙauyukansu na asali. Na tambayi wani dattijo abin da ya tashe shi da yara ƙanana cikin wannan zafi, sai ya ce mini, "Malam, ai an ce da yawan mutane ake raba kuɗi. In na bari aka ƙirga ni a nan, na cuci garinmu." Bayan mako guda ya komo birni ya ci gaba da harkarsa. Asibitin da yake zuwa da makarantar da 'ya'yansa suke zama ba su da shi a cikin lissafinsu, ƙauyen kuwa an rubuta masa mutanen da ba sa kwana a cikinsa.

Wannan ita ce ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya. Jaririn da aka haifa mako guda bayan an gama ta ya isa jefa ƙuri'a tun shekara ta 2024, wata ma da aka haifa a lokacin tana goye da nata ɗan, amma ƙasarsu ba ta taɓa ƙirga su ba. To, me ya sa abin da ya kamata ya zama aikin malaman ofis ya zame mana tamkar yaƙi? Amsar tana cikin tarihi.

Turawa sun fara ƙidaya a Ikko tun 1866, kuma a zamaninsu talaka bai san ƙidaya da wata manufa ba sai haraji. A nan Arewa, in aka ji malamin haraji ya sauka gidan dagaci, sai samari su yi ɓatan dabo, in lokacin jangali ya yi kuwa Fulani su kora shanu su tsallaka wata ƙasa. Ga kuma al'adarmu ta dā, wadda uwa ba ta yarda ta faɗi yawan 'ya'yanta. A ƙasar Ibo ma haka abin yake, gama boren da matan yankin Aba suka yi a 1929, wanda aka kashe mata fiye da hamsin a cikinsa, ya taso ne daga aiken da aka yi a ƙirga mutane da dabbobi, mata suka ɗauka haraji za a ɗora musu. A wancan zamani ke nan, kowa ƙoƙarinsa ya rage kansa a takarda.

Da siyasa ta shigo sai reshe ya juye da mujiya. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da mutum kimanin miliyan 30 da dubu 400, kuma da ita aka raba kujerun Majalisar Wakilai a zaɓen 1959, Jihar Arewa ta sami 174 daga cikin 312. Daga ranar kowane ɗan siyasa ya gane cewa yawan kai shi ne yawan kujera. Aka yi ƙidaya a 1962, gardama ta sa aka soke ta. Aka sake a 1963 aka ce mun kai miliyan 55 da dubu 700, Gwamnatin Jihar Gabas ta ƙi yarda, har ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Ta 1973, a zamanin Janar Yakubu Gowon, ta ba da kusan miliyan 80, Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975, aka koma ana ta ƙari a kan alƙaluman 1963. Da aka yi ta 1991, lokacin da kowa ke ƙiyasta mun haura miliyan 100, sai aka tarar da miliyan 89 kacal, abin da ya nuna akwai ƙari a lissafin baya, ko ragi a na lokacin, ko kuwa duka biyu. Ta 2006 ta ba da miliyan 140 da dubu 400, aka ce Jihar Kano tana da miliyan 9 da dubu 400, Jihar Legas miliyan 9 da dubu 100. Nan take Gwamnatin Legas ta yi fatali da nata rabon, ta ce lissafin da ta yi da kanta ya ba ta miliyan 17 da rabi. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023, shekara ɗari bayan kakanninmu suna gudun malamin haraji, aka ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan.

Kada mai karatu ya zaci wauta ce ke sa manyanmu wannan kokawa. Cikin kuɗin da ake raba wa jihohi daga Asusun Tarayya, kashi 40 cikin ɗari ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 kuwa bisa yawan jama'a ake raba shi. Kujeru 360 na Majalisar Wakilai su ma da yawan jama'a ake yanka su. Sabo da haka kowane kai da aka ƙara a takarda kuɗi ne yake shiga baitulmalin jiha kowane wata, ko da mai kan yana raye ko babu shi, ko da ya ci abinci ko bai ci ba.

Abin da wannan hali ya jawo mana ba ƙarami ba ne. A watan Satumba na 1976, da Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, masu tsara shirin sun yi tanadin yara miliyan 2 da dubu 300 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Waɗanda suka ga wannan zamani suna iya tuna yadda aka yi ta karatu a gindin bishiya, da yadda aka ɗauko malaman da ba su gama koyon aikin ba aka tura su aji. Har yau ba mu rabu da irin wannan ba. In ka tambayi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana cewa miliyan 10 da rabi ne, wata hukumar Majalisar mai kula da ilmi kuwa ta ce a 2022 sun kai miliyan 20, domin shekarun yaran da suka auna sun bambanta, kuma dukansu ƙiyasi suke yi a kan tsohuwar ƙidaya. Tela ne aka ba shi yadi aka hana shi awo, sa'an nan ana mamakin yadda riga ta ƙi shiga.

Amma fa akwai wasu alƙaluma da ba a faɗa a kansu, sabo da ba a raba kuɗi da su, kuma ni a ganina su ne suka fi faɗin gaskiya. Su ne na binciken da ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Hukumar Ƙidayar Jama'a ke yi, inda suke zaɓen dubban gidaje a kowane sashe na ƙasa, su zauna da masu gida su tambaye su abin da suka ci, da inda suke ɗebo ruwa, da 'ya'ya nawa aka haifa, nawa suka rayu. Bari mu ga abin da suka gano.

A binciken 2018 zuwa 2019, Hukumar Ƙididdiga ta ja layi ta ce duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai Naira 137,430 ba, watau kimanin Naira 377 a rana, matalauci ne. Aka tarar mutum 40 cikin ɗari suna ƙarƙashin wannan layi, kusan mutum miliyan 83, ban da Jihar Borno wadda rashin tsaro ya hana a gama aikin a cikinta. A Jihar Sakkwato, da Taraba, da Jigawa, mutum 87 ne cikin ɗari. A Jihar Legas ba su cika biyar ba.

A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta fito da wani awo dabam, wanda bai tsaya ga kuɗin aljihu ba. Ya duba ko akwai asibiti kusa, ko yara suna makaranta, ko akwai ruwa mai tsabta da makewayi, da abin da ake girki da shi, da aikin yi, da zaman lafiya. Da wannan ma'auni mutum 63 cikin ɗari ne suka faɗa cikin talauci, watau miliyan 133. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan adadi da kyau: matalautan da aka lissafa a 2022 sun kusa kai yawan dukan 'yan Nijeriya da aka ƙirga a 2006. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, miliyan 47 a Kudu. A Jihar Sakkwato mutum 91 ne cikin ɗari, a Jihar Ondo 27. Jihar Kano kuwa, wadda muka yi ta bugun ƙirji da miliyan tara da ɗoriyarta a 2006, an lissafa mata matalauta miliyan 10 da rabi, sun ɗara dukan mutanen da aka ce tana da su a wancan lokaci. Ban ji wanda ya kira 'yan jarida ya yi alfahari da wannan ba, ban kuma ji wanda ya kai ƙara kotu a kai ba.

Gaskiya ɗaci gare ta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muke karanta wannan jarida da Hausa, yawancinmu daga inda ciwon ya fi tsanani muka fito, kuma babu amfanin mu ce sharrin maƙiya ne, tun da hukumomin da suka yi aikin na Gwamnatin Tarayya ne, 'ya'yanmu ne kuma suka shiga gidajen suka yi tambayoyin. Sai dai wanda ya karanta alƙaluman ya tsaya a kan Arewa da Kudu kawai, bai gama karatu ba. Jihar da ta zo ta biyu a talauci a awon 2022 ita ce Bayelsa, da mutum fiye da 88 cikin ɗari, jihar da a cikinta aka fara samun man fetur mai yawa a Oloibiri a 1956, wadda kuma ke karɓar kason nan na kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu mai. A binciken 2019, Jihar Ebonyi ta ƙasar Ibo tana da matalauta kusan 80 cikin ɗari. Ashe yawan kuɗin da ke shiga baitulmalin jiha bai tabbatar da cewa za su iso tukunyar talaka ba, kuma yunwa ba ta tambayar yaren mutum kafin ta shiga gidansa.

Babban ramin da alƙaluman suka tona yana tsakanin birni da ƙauye ne, da kuma tsakanin gidan mai shi da gidan marar shi. A awon kuɗi na 2019, mutum 52 cikin ɗari na mazauna karkara matalauta ne, a birni kuwa 18. A awon 2022, karkara 72, birni 42. Watau manomin da ke ciyar da ƙasa shi ne ya fi kowa kwana da yunwa.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne lissafin yara. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yaro dubu da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A Jihar Ogun 30 ne, a Jihar Kebbi 252, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A gidaje mafi talauci 173 ne, a gidaje mafi wadata 53. Rai da ajali na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ƙyanda, da ciwon haƙarƙari, waɗanda su ne ke ɗauke yawancin yaran nan, cututtuka ne masu rigakafi da magani, kuma ba su da wata gaba ta musamman da mutanen Kebbi. Abin da ya raba Kebbi da Ogun shi ne nisan asibiti, da tsabtar ruwa, da abin da uwa ta sani. Waɗanda suka tsira ma ba duka suka tsira lafiya ba, gama binciken ya ce yara 37 cikin ɗari sun tsumbure don ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa 57 ne. Masana lafiya sun tabbatar cewa yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara biyu, abin yakan taɓa har fahimtarsa, ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin neman abinci. Ta haka talauci ke zama gado.

Yanzu sai mu zo kan maganar da mutane ba sa son a taɓa, watau haihuwa. A 2018 macen Nijeriya, in an yi rabon daidai, tana haihuwar 'ya'ya biyar da ɗan ɗori a rayuwarta, 5.3 a lissafin masana. A Jihar Katsina 7.3 ne, a Legas 3.4. Na san abin da wani zai ce: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni ban zo in ƙayyade wa kowa iyali ba, kuma gwamnati ma da ta gwada ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace a 1988, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ba wanda ya saurare ta. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne wani lissafi da ke cikin binciken nan. Macen da ba ta yi makarantar zamani ba tana haihuwar 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4. Cikin 'ya'ya dubu na ta farkon, 170 ke mutuwa kafin shekara biyar, na ta biyun 56. Babu dokar da ta tilasta wa mace ta biyun kome. Ta yi aure da ƙwarinta, ta san ranar allurar rigakafi, ta san haɗa ruwan gishiri da sukari, ta kuma sami natsuwar cewa 'ya'yan da ta haifa za su rayu. Uwar da ta binne uku ba za ka ce mata ta huta ta ji ka ba. Sabo da haka wanda ke damuwa da yawan haihuwa, da wanda ba ya damuwa da ita, hanyarsu ɗaya ce: a sa 'ya mace makaranta, a kawo asibiti kusa. Da ma adadin yana sauka da kansa sannu a hankali, gama a 1990 shida ne, binciken 2023 zuwa 2024 kuwa ya ba da 4.8.

Mu dubi ƙasar Indonisiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, ta fi mu yawan jama'a, ta kuma sami garaɓasar kuɗin mai a lokaci guda da mu. Tsakanin 1973 da 1978 ta gina makarantun firamare fiye da dubu 61 da wannan kuɗi. Mu ma mun yi namu ƙoƙarin da UPE, amma da farashin mai ya faɗi bayan 1981 sai muka saki makarantu, aka yi ta bin gwamnatoci bashin albashin malamai, su kuwa suka riƙe nasu, suka haɗa da gyaran noman shinkafa da ɗakunan shan magani na ƙauye. A 2024 matalautansu, bisa ma'aunin ƙasarsu, ba su kai 10 cikin ɗari ba. Mu kuwa alƙaluman ofishin ƙididdigarmu sun nuna matalauta kimanin 27 cikin ɗari a 1980, suka zama 46 a 1985, suka haura 65 a 1996. Ko da yake ma'aunin da ake amfani da shi ya sha canzawa, inda aka dosa a bayyane yake.

Yawa alheri ne in an yi masa tanadi. Cikin kowane mutum goma a ƙasar nan, fiye da huɗu ba su kai shekara 15 ba, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ƙiyasta mun wuce miliyan 220 a 2023, tana hasashen za mu haura miliyan 350 a 2050. In yaran nan sun sami ilmi da sana'a, babu ƙasar da za ta ja da mu a Afirka. In ba su samu ba, sai mu zama taron tsintsiya ba shara. Ga shi kuwa muna gani da idonmu. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya shida suka raba, yanzu jikoki talatin ke kallonta. Masaƙun Kakuri a Kaduna, da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, waɗanda dā ke ɗaukar dubban ma'aikata, da yawansu sun zama kango. Cin rani da aka sani na wata huɗu ne, a dawo da damina, yanzu ya zama ƙaura, samarinmu sun cika Legas da Fatakwal da Abuja suna acaɓa da turin baro da gadi. Wanda ya rage a ƙauye, ba karatu ba gona ba jari, shi ne wanda mai ɗauke da bindiga ke samu da araha. Duk wanda ke neman asalin abin da ke faruwa a dazuzzukan Zamfara da Katsina, ko abin da ya faru a Borno tun 2009, to, ya haɗa da waɗannan alƙaluma a cikin bincikensa. Mutanen Kudu kuma kada su ce ba ruwansu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a manta cewa alƙaluman talaucin da na kawo duk an tattara su ne kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, kafin kuma a saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekara. Naira 377 ɗin nan da aka ce ita ce iyakar talauci a 2019, a ƙarshen 2024 ko rabin litar mai ba ta saye. Bankin Duniya ya ƙiyasta matalauta sun kai miliyan 104 tun a 2023, bisa awon kuɗi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma mutum nawa ne cikinmu ke karɓar albashi? Manomi da mai tallan ƙosai da ɗan dako ba su cikin wannan lissafi.

To, ina mafita? Na farko, a yi ƙidaya, a kuma kafa doka da za ta tsayar da lokacinta duk shekara goma, yadda ba sai shugaba ya ga dama ba. Ƙasar Gana ta yi a 2000, ta yi a 2010, ta yi a 2021 ta sami mutum miliyan 30 da dubu 800, sama kuwa ba ta faɗo ba. In ranar ta zo, kowa ya tsaya a ƙirga shi inda yake kwana, domin a nan yake bukatar famfo da asibiti.

Na biyu, a ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa da muhimmanci. A 2018 yara 43 ne kawai cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Alhali kuwa babu jaririn da ake raɗa wa suna ba da sanin liman ko fasto ba, babu gawar da ake binnewa mai unguwa bai ji ba. En'e ta dā, da alƙalami da tawada, ta san kowane baligi a kowace unguwa don ta karɓi haraji. Yaya za a ce mu da muke da kwamfuta da wayar hannu mun kasa sanin yaranmu don mu yi musu allura?

Na uku, a sake duba yadda ake rabon arzikin ƙasa. Muddin yawan kai kaɗai ke jawo kashi 30 cikin ɗari, ba za a daina cusa ƙarya a ƙidaya ba. A rage wannan kaso, a ƙara wa jihar da ta nuna, da shaidar da wani dabam ya tabbatar, cewa yaranta da ke gama firamare sun ƙaru, masu mutuwa sun ragu. Abin kunya ne a ce dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa jihohi kuɗin gina makarantu, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabin, amma shekara da shekaru kuɗin jihohi da dama na kwance a Abuja don sun kasa kawowa, alhali ba su taɓa kasa sayen motocin manya ba.

Na huɗu naka ne, mai karatu. In masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da sabulu da taliya, ka tambaye su abu uku: yara nawa ne a ƙaramar hukumar nan ba sa zuwa makaranta, nawa suka mutu bara kafin su kai shekara biyar, kuma nawa za su zama in ka gama shekara huɗunka? Wanda bai san amsa ba, bai san mutanen da yake so ya mulka ba. Sa'an nan mu ma mu ƙirga namu gidan. Yara nawa ke ƙarƙashin inuwarka, nawa ke zuwa makaranta, nawa aka yi wa rigakafi, nawa ke yawo da kwano a wani gari ba ka san inda suka kwana ba? Wannan ƙidaya ba ta bukatar izinin Abuja, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dattijon nan na tashar mota bai yi abin da ya yi don mugunta ba. An gaya masa cewa in aka ƙara yawan garinsu a takarda, alheri zai iso garin, shi kuwa ya gaskata, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. Nasa alkawarin ya cika. Waɗanda suka karɓi kuɗi da sunansa wata bayan wata tun daga 2006, su ya rage su zo su faɗa masa abin da suka zuba a tukunya.

Allah ya sa mu gyara. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.